Aikin Kora

Ƙanena, wanda muke ce wa Dakta, tsuntsaye ya karanta a jami'a. Ba kaji ba, tsuntsaye. Sai da baki ya gaji wajen bayani, amma har yau gwaggonmu in kazarta ta fara gyangyaɗi shi take kawo wa. Ya duba kazar, ya ce, "Gwaggo, ba ta da lafiya." Ta yi masa addu'a ta tafi.

Da ya gama, aiki ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Kullum yana bayan gida da madubin hangen nesa, yana kallon bishiya. Maƙwabcinmu ya kawo ƙara wai ana leƙa masa gida. Dakta ya ce shi hankakan da ke kan katanga yake kallo, ba matar gidan ba. Wannan bayanin ma sai da aka ba da haƙuri a kansa.

Yana da aure, ga jaririya, aikin kuwa ba da wasa yake nema ba. Can dai Allah ya kawo: filin jirgin sama na neman wanda zai riƙa korar tsuntsaye daga hanyar tashin jirage, kada su faɗa cikin inji. Mutumin da ko kurciya ba ya iya ce wa "kas", shi aka ba mota da lasifika.

Kuma ya iya, abin haushin ke nan. Ya san kukan da balbela ke yi in an kama ta, ya ɗauka a na'ura, yana zagayawa yana sa musu. Ya sa aka cike kududdufin da suke shan ruwa, aka kwashe juji, aka canza yankan ciyawa. Kafin shekara ta zagayo filin ya yi tsit, ko shirwa ba ta giftawa.

Sai manaja ya kira shi ofis, ya yaba masa sosai, ya ce tunda babu sauran tsuntsu, babu sauran aiki.

A kicin ya same ni ya faɗa mini, kamar mai ba da labarin wani. Ni kuwa raina ya ɓaci, na yi ta zuba: rashin kunya, rashin godiya, me za a ba yarinyar nan ta ci? Yana tsaye, yana murza hularsa.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Da ruwan farko balbelun za su dawo."

"Yawwa! Ai wallahi da kansu za su neme ka," na ce, ina nufin masu filin jirgin.

Ya girgiza kai, idonsa ya ciko.

"Ina! Su da ko tafiyata suka hango tashi suke yi? Ba za su ƙara yarda da ni ba, Yaya."