Gahawar da Malama Rakiya ta ƙi sha

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita lacca, Umma ta kira ni daga Jidda: Malama Rakiya ta rasu.



Duk wanda ya tashi a layinmu na unguwar Sa'alaba a Jidda ya san ta. A falonta muka koyi karatun Alƙur'ani. In ka amsa mata da Larabci sai ta kama kunne ta ce, "Ban ji ba, kurma ce ni." Dole ka maimaita da Hausa. 'Yar Hausar da nake rubutu da ita yanzu ma tata ce.

Da yawanku kuna ganin hotunana a Granada kuna cewa masha Allah. To ku sani, saura ƙiris tafiyar nan ta fasu.

Da jami'armu ta zaɓe ni cikin ɗaliban musaya da za su zo Sifaniya, Abba ya ce magana ta ƙare, babu inda za ni. Wa na sani a can? Me zan ci? Na yi kuka har na gaji. Ana ta neman amsata a makaranta, ni kuwa na riga na haƙura.

Sai ga Malama a gidanmu da sandarta. Abba ya zuba mata gahawa da hannunsa. Ta karɓi finjalin, ta ajiye a ƙasa, ta naɗe hannu.

Kun san al'adar Larabawan Jidda: baƙo ya ajiye gahawa bai sha ba, to da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai an biya masa ita.

Abba ya ce, "Haba Malama, yaushe kika zama Balarabiya?"

Ta ce, "Ɗanladi, ina yarinya aka ratso Sudan da ni a bayan motar kaya, har muka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Da ubana ya ji tsoro, wa zai koya wa 'yarka Fatiha? Gahawarka na hucewa."

 Abba ya ce, "Sha, Malama."

Ta shanye tas. Matar da likita ya hana gahawa saboda hawan jini, jama'a!

Ranar da na je sallama ta damƙa min ƙullin yaji, ta ce, "Kada ki je ki laƙe wa 'yan Jidda. Ki shiga gidan mutane, ki ci abincinsu in halal ne, ki koyi yarensu. Ki dawo ki ba ni labari, amma da Hausa. Yalla, tashi."

Malama, na yi. Tsohuwar da nake zaune gidanta har ta iya cewa "sannu", yajinki kuma a kan ƙwai da dankalinta ya ƙare. Jiya na tsaya gaban aji na yi bayanin Jidda da Sifaniyanci, ban duba takarda ba. Wallahi ina alfahari da cewa ni ɗalibarki ce.

Labarin na nan cike da bakina, da Hausa na shirya shi. Ga shi bayan la'asar za a kai ki, ni ina nan.

Ya Allah Ka gafarta wa Malama Rakiya, Ka haskaka kabarinta, Ka shayar da ita daga Alkausara. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ko bai san ta ba.