Fina-finan da Mai Gyara Ya Yanke

Gwaggona, yayar mahaifina, ma'aikaciyar jinya ce har ta yi ritaya. A unguwa Mai Allura ake ce mata. Yara kan watse in sun hango farin takalminta, alhali ita ko sauro sai ta yi masa kashedi kafin ta kai masa hannu. Mijinta mai gyaran talabijin da bidiyo ne, shagonsa ɗan ƙuƙut a ƙarƙashin wani bene, kullum cikin ƙaurin dalmar liƙa wayoyi. Mu Baba Mai Gyara muke ce masa. Magana tsada take yi masa. Gwaggo takan ce in ka ji ya jera jimla uku, to labarin fim yake bayarwa.

Fim ne ya riƙe zamansu. Duk ranar hutunta, bayan abincin rana, sai ya saki labulen falo, ya sa kaset, su zauna a doguwar kujera, ita tana surutu da 'yan wasan kamar suna jin ta, shi yana kallo shiru. Da zamanin kaset ya wuce aka koma faifai, daga baya ya juye komai cikin wani ɗan baƙin akwatin ajiya da bai fi sabulu girma ba, wanda ake jona wa talabijin.

'Ya'yansu biyu. Akwai Auta, wanda ke aiki a wani gari, akwai kuma yayarsa da ake kira Balbela saboda dogayen ƙafafunta. Ba ta kai ga gama firamare ba, sai ta faɗa tankin ruwa a wani kango da ke bayan gidansu. Ubanta ne ya tsamo ta, ya rungumo ta da gudu zuwa asibiti, kuma Gwaggo ce ke bakin aiki a ranar, amma rai ya riga ya yi halinsa. Tun daga nan ba a ƙara jin sunan yarinyar a bakinsa ba. Washegarin da masu gaisuwa suka watse ya buɗe shago. Gwaggo ba ta taɓa yi masa faɗa a kai ba, amma ta riƙe abin. Ta sha ce wa mahaifina, "Mutumin kirki ne, amma dutse aka sa masa a ƙirji."

Hawan jini ya ɗauke shi suna cikin tsufansu. Da gida ya yi shiru, Auta ya zo hutu, ya ce zai gyara mata akwatin don ta riƙa samun abin kallo ba wahala. Ya sa wata manhaja mai jera fina-finai da hotunansu a fuskar talabijin. Ina wurin ranar, don gidana ba nisa kuma kusan kullum nakan leƙa ta.

Hotuna suka fito bibbiyu, kamar tagwaye.

"Mama, rabin akwatin nan maimaici ne," in ji Auta. "Baba ya juye abu ɗaya sau biyu. Bari in danna nan, manhajar ta share na banza."

"Cire hannunka," ta ce. "Ubanka ko ƙusa bai taɓa ajiye biyu ba sai da dalili."

Ya yi dariya, ya duba da kyau, sai ya ce ai kuwa ba daidai suke ba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Gwaggo ta nuna wani fim da ta haddace, na wasu iyali da suka yi ƙaura a jirgin ruwa, ta ce a sa mai tsawon.

Tana bin maganganun da baki har aka zo inda jirgi ya bar gaɓa. A saninta, daga nan sai a ga sun sauka a ƙetare. Amma wannan bai tsallake ba. Ƙaramin yaron gidan ya leƙa gefen jirgi, ƙafarsa ta zame, ruwa ya rufe shi, uwar ta ƙwalla ƙara.

Gwaggo ta miƙe tsaye. Auta ya tsayar da fim ɗin.

"Yaron nan wajen kakarsa aka bar shi," ta ce. "Haka ubanku ya faɗa min. Ya ce kaset ne ya cinye wurin."

Can ta koma ta zauna, ta ce ta taɓa yin musu da wata abokiyar aikinta a kan yaron nan, har suka yi kwanaki ba sa gaisawa. Matar ta rantse ya mutu, ita kuma ta ce mata ta je a duba mata ido. Ta ɗan yi dariya da ta tuna.

Kafin Auta ya koma, ta sa ya koya mata yadda ake sauya wa fim suna. Daga nan ta samu aiki. Da safe in ta gama shara sai ta sa tabarau, ta kalli kwafi biyu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta buga da yatsa ɗaya. Wasu bambancinsu ba wani abu ba ne, sai ta rubuta "mai dishi-dishi" ko "mai fassara" ko "murya na baya". Amma da yawa yankakku ne. Mai tsawon ta sa masa "cikakke", gajeren ta sa masa "na gida". Inda kogi ya fito Baba ya yanke, rijiya ya yanke, bahon wanka da yaro a ciki ya yanke. Har da wani wuri da mutum ke gudu a barandar asibiti ɗauke da yarinya, ko ɗigon ruwa babu a ciki.

Ta rame a watannin nan. Na ce mata, "Gwaggo, ki bar cikakkun nan mana. Ki sa musu suna kawai, tsawon ai yana nunawa."

"Shi ya gani," ta ce. "Ni ma zan gani."

Wata rana muka je kwashe kayan shagon, don mai benen ya samu wanda zai shiga. Telan da ke maƙwabtaka da shi, wani dattijo mai ƙaramar murya, ya fito ya yi mata gaisuwa. Cikin hira ya ce abu ɗaya ne bai taɓa ganewa ba game da marigayin. Da rana tsaka, in kasuwa ta lafa, yakan tura ƙofa, sai a riƙa jin ihun mace ta bango. Ihu ɗaya, a mayar da shi baya, a sake, a sake.

"Na ɗauka na'urar wani ce ta lalace yake gwadawa," in ji telan. "Sau ɗaya na leƙa zan ari almakashi. Na same shi ya haɗa bidiyo biyu, yatsansa a kan maɓalli, rigarsa ta jiƙe a ƙirji. Ya ce hayaƙin dalma ne ya shige masa ido."

Gwaggo ta yi masa godiya. Muka kama hanya a mota har muka kusa gida. "Sai ka kalli abu da kyau kafin ka san inda za ka yanke," ta ce, tana duban waje. "Ni kuma ina can ina cewa ya manta."

Bayan ta gama da cikakkun ba ta sake buɗe su ba. Na gida take kallo. A kowanne akwai inda hoto ke ɗan yin tsalle, murya ta katse a tsakiyar kalma. Da can tsaki take yi ta zagi kaset. Yanzu jiran wurin take yi, in ya zo sai ta ɗan juya gefen hagu na kujera, inda yakan zauna, ta ce, "Na gan ka." Ranar farko da na ji haka sai da na waiwaya.

Fim ɗaya ne ya gagare ta. Shi ne na ƙarshe da ya shiga akwatin, a makon da ya kwanta ciwo. Kwafi biyu ne, tsawonsu ɗaya, hotonsu ɗaya. Auta ya ce a waya ba shakka ya juye ne da niyyar yankewa, ciwo ya riga shi. Gwaggo ta yarda da haka, sai dai fim ɗin na dariya ne, labarin wasu maƙwabta masu rigima a kan katanga. Babu kogi, babu asibiti, babu yaro ko ɗaya a ciki.

Na zauna mun kalle shi tare, ni ma ban ga komai ba. Har yau bai samu suna ba. Takan sa shi in rana ta yi sanyi, ta matso da kujera kusa da talabijin, tana duban bayan 'yan wasan, tagogi da ƙofofi da masu wucewa a titi, ko za ta hango abin da ya gani.