Jikan Mai Wanki, Manassa

Mai Wanki ba ta taɓa jiƙa rigar mutum ba sai ta lalube aljihu, ta shinshina wuya. Abin da ta gani a aljihunan maza ya ishe ta darasi, har ta kai ko gaisuwa aka yi mata sai ta nemi dalili. Da bahon wankin nan ta raini ɗanta tilo, bayan mijinta, mashayi mai saurin hannu, ya mutu ya bar su a ɗaki mai yoyo. Yaron ya girma ya zama direba, ya yi aure, ya koma can ƙarshen gari.

Da aka haifa masa ɗa, sai ya sa masa suna Manassa. Mai Wanki ta bi danginsu kaf, babu mai sunan. Dangin matar ma babu. To, daga ina?

Ta tsare wani mai wa'azi da take yi wa wanki, ta danne kayansa da gwiwa, ta ce sai ya faɗa mata.

Ya ce, "Sunan Ibraniyanci ne, Baaba. Wani bawan Allah ne 'yan'uwansa suka sayar. Da ya sami ɗa a baƙuwar ƙasa sai ya sa masa haka, wai an mantar da shi wahalarsa da gidan ubansa."

"Gidan ubansa? Har da uwar da ke ciki?"

"Wannan kam ban sani ba."

"Kwashi kayanka."

Ta bar kumfa a baho, ta nufi gidan ɗanta. Ta same shi yana goge mota.

"Kai, ni za ka manta? Ka kasa faɗa mini da bakinka, sai ka rataya wa jariri?"

Direban ya ajiye tsumman. "Inna, dukan Baba nake so in manta. Ke kam, ko na so, za ki bari?"

"Matarka ce ta zaɓo."

"Ni ne."

"Haka za ka ce."

Ta shiga ta karɓi yaron daga hannun surukarta, ta daɗe tana kallonsa. Hankalinta dai bai kwanta ba. Mutum kan fara mantuwa da uba, ya ji daɗinta, ya zarce. Washegari ta sa aka ɗauko katifarta, ta shimfiɗa a falon ɗanta daidai bakin ƙofa, inda ba mai fita sai ya ce, "Inna, ɗan janye ƙafa."