Dogo Mai Walda da Allurar Mantuwa

Duk layin masu walda an san Dogo ba ya tsoron wuta. Ƙarfe ya taɓa fasa masa yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki. Da allura ce kawai ba sa ga-maciji. Ko 'ya'yansa za a yi wa rigakafi, a bakin ƙofar asibiti yake tsayawa, wai iska yake sha.

Yayarsa ce ta raine shi, ita ta kai shi koyon sana'a. Da tsufa ya zo mata sai ta fara ajiye mabuɗi a cikin tukunya, daga baya ta daina gane ɗakinta. Ranar da ta ce masa, "Malam, wa kake nema?" ya fita tsakar gida ya zauna a kan bokiti.

Likita ta ce cutar mantuwa ce, Alzaima, wani datti ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Ta ce ana gwajin wata allura mai koya wa jiki share dattin, ana neman dattawa irinsa, masu cutar a danginsu.

"Za ta warkar da Yaya?"

"A'a, Baba, nata ya yi nisa. Kai ma ba lallai ka samu ta gasken ba. Wasu ruwan gishiri za a yi musu, don a ga bambanci."

"To, ko ruwan ne a zuba. Yaushe zan zo?"

Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ya je. Ya naɗe hannun riga, ya zuba wa fanka ido, gumi na tsiyaya, yana tambayar nas ko an gama alhali ba a fara ba. Daga nan aka riƙa kiransa ana ɗibar jini, ana sa shi maimaita kalmomi, ana tura shi cikin na'urar hoton kai mai rugugi. Ya ce ƙarar shagonsa ta fi.

Yaya ta rasu kafin a kammala gwajin. Da aka tara waɗanda aka yi wa allurar, likita ta ce dattin ya ragu a wasu, da sauran aiki, amma za a faɗaɗa gwajin.

Washegari Dogo ya kashe injin walda, ya leƙa shagon maƙwabcinsa kafinta, wanda mahaifinsa ma haka ya ƙare.

"Ajiye zarton nan ka sa riga. Tsofaffi ake nema."

"Ni ne tsohon?"

"Hau babur, ma yi gardamar a hanya."