Ƙullin da na kwance

Ina da shekara biyu da aure lokacin da maigidana yake tuƙa motar wani Nasara mai duba hanyoyi a Zinder. Aikin nan shi ne garkuwarsa. A zamanin ana kwasar maza aikin dole, amma direba yana da takarda, ba a taɓa shi.

Wata Juma'a ya shigo a gurguje, ya rataye jakarsa a ɗakina, ya yi alwala ya tafi masallaci. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi, na buɗe jakar. Sai ga wani baƙin abu kamar ƙoƙo mai nonuwa, ga wayoyi huɗu, kowace an ɗaure mata jan zare. Zaren kuma duk ƙulli ne: wannan ɗaya, wannan biyu, wannan uku, wannan huɗu.

A gidanmu na Tirmini na taɓa ganin an tono irin wannan a bakin ƙofa, mai gidan bai ƙara lafiya ba. Na kira surukata. Tana gani ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! 'Yar nan, an yi wa ɗana sammu. Kwance maza, ni zan yi addu'a."

Na kwance su tas, tana tofawa, muka jefa zaren a murhu. Har wani daɗi na ji, wai ni ce na ceci mijina.

Da ya dawo na tare shi da labari, baki har kunne. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Zama ya yi a kan turmi, ya riƙe wayoyin yana kallonsu.

"Ke, kan delko ne fa, mai raba wuta a injin mota," ya ce. "Tsohon ya tsage, wannan sabo ne daga Kano. Kowace waya da bujinta, wato fulogin da take kai wa wuta, da raminta. In ka saɓa, mota ba ta tashi."

Ashe bai iya karanta lamba ba, shi ya sa ya ƙirga da ƙulli: ƙulli ɗaya buji na farko, haka har huɗu, kuma da su yake gane ramin kowace a jikin kan. Makaniken da ya nuna masa ya tafi Yamai. Garaji kuwa ana ɗauke-ɗauke, shi ya sa ya kawo su gida. Ga shi bayan la'asar zai kai Nasara Takieta.

Na ce a ba ni. Ni mai kaɗi ce, hannuna ba ya mance zare. Doguwar nan ƙulli ɗaya ne, na rantse. Mai ƙuna a baki huɗu ne. Biyun tsakiya kuwa tsawonsu ɗaya, kamarsu ɗaya, na juya su na sake juyawa.

"Kin tabbata?"

Na ce na tabbata. Ƙarya na yi, kunya ce ta hana ni cewa ban sani ba. Da na faɗi gaskiya, da ya je da wuri ya gwada su kafin Nasara ya fito. Da ya ji na tabbata, har ya tsaya ya ci tuwo.

Bayan la'asar ina tsakar gida na ji ƙara daga wajen garaji kamar an harba bindiga. Tantabaru suka tashi. Aka sake, har sau uku. Surukata ta dube ni, na dubi ƙasa.

Wani mai gadi ne ya kawo mana hular maigidana. Ya ce motar ta yi ta tari tana harbi a gaban Nasara da baƙinsa, ta ƙi tafiya. Nasara ya karɓe takardar ya yaga a wurin. Kafin magariba an haɗa shi da masu fasa dutse a hanyar Takietan da zai bi da mota.

Wata huɗu ya yi. Ya dawo a rame, tafin hannunsa duk ya tsattsage, da tarin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Na kawo masa ruwa, na durƙusa, na kasa ɗaga kai. Ya sha, ya ajiye kwanon.

"Biyun tsakiya ne, ko?" ya ce a hankali. "Ina fasa dutse ina ta lissafi. Da kin ce mini ba ki sani ba, ai musanya su kawai zan yi."