Dattijo da rijiyarsa a ofishin filaye

Ina cikin layi a ofishin filaye nake kallonsa. Dattijo ne siriri, rigarsa ta koɗe da wanki, hannuwansa duk kanta. An ba shi kujera, ya ƙi zama. Ina zaton manomi ne da bai saba roƙon kowa ba.

Ma'aikaciyar tana juyo masa allon kwamfuta. Hoto ne da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama, na filin da wani kamfani ke nema.

"Baba, ka gani, hoton ya nuna ba kowa a wurin."

Yana matsowa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, sai ya ɗora yatsa kan wani baƙin ɗigo.

"'Yata, ƙara girman nan."

Ta ƙara. Ɗigon ya zama da'ira, ga siririyar hanya ta nufo ta.

"Rijiya ce, ni na haƙa ta. Hanyar nan kuma ƙafar iyalina ce ta fitar da ita. Rubuta cewa akwai mutane."

Na bayansa suna ta tsaki. Shi ko bai ɗaga yatsan ba sai da ta jawo takarda da biro.