Ranar da Niy Yi Rebiziyon da Hanci

In na manta da komi cikin aikin turaren ga, ba ni mantawa da ranar Asabar da Baba Alhaji yag gwada hancinmu, ni da Hamidu ɗan Bonkuku. Ku yaran butik da kunka zo bana, kuna ganin Hamidu da rumfarshi da babur kuna ce mishi patoron. To ku zauna in gaya muku inda abin yas samo asali, don wallahi ba wani ilimi yaf fi ni ba.

Ni da Hamidu lakwal guda munka yi, makarantar boko ta nan Filinge, benci guda, kuma tare munka faɗi jarrabawar sartifika. Shi ma sau biyu yaf faɗi, ni sau ɗaya, ku riƙe wannan. Da munka bar lakwal, Baba Alhaji yaɗ ɗauke mu aiki butik ɗinshi na turare kusa da kasuwa. Aikin kun san shi: ana kawo madarar turare daga Yamai cikin manyan kwalabe, mu ja da sirinji mu ɗura cikin ƙanana, mu toshe, ran Lahadi a baza su kasuwa. Mata su zo neman na humra, 'yan Sanam su saye na zuwa masallaci, Fulani su ɗauki na wardi su yi gaba.

Sayen madarar shi ne babban aiki, kuma Baba Alhaji bai taɓa bar ma kowa shi ba. Can babbar kasuwar Yamai akwai masu surka ta da wani mai marar wari. Launi bai canzawa, takardar jikin kwalba na nan daidai, hanci kaɗai ke gane ta. In ka sayo surkakka, mace ta shafa da safe, kafin hantsi ƙamshi ya gudu, to ba ta komowa wurinka, kuma sai ta gaya ma duk unguwarsu.

Shekarar da soja sunka karɓi mulki, bariyer ta masu bincike ta yi yawa bisa hanyar Yamai. Kowace a sauka daga mota, a nuna kart na shaidar ɗan ƙasa, a tsaya cikin rana, a koma. Baba Alhaji na da ciwon gwiwa. Yad dawo wata tahiya ƙafa kumbure, yak kira mu yac ce ya gaji, ɗayanmu za shi riƙa tura. Ran Asabar bayan azahar za shi gwada mu, wanda hancinshi yaf fi shi ke tahiya.

Ni ban taɓa wuce Baleyara ba a lokacin. Yamai nike gani ko cikin barci. Kuma kowa ya san wanda ke zuwa sayayya shi ke sanin dillalai, gobe shi ke buɗa rumfarshi. Nid dubi Hamidu, shina ta soshe kunne da tsinken ashana kamar ba da shi ake ba. Abin da ke ƙona mini rai da shi ke nan. Mace na shigowa butik sai shi ce mata, “Hajiya, yau sandal anka sa da ɗan almiski,” ta yi ta dariya tana sa mishi albarka. Ni da ke da baki, mai ba da dariya, sai in tsaya riƙe da sirinji kamar majo mai allura a asibiti. Har Zabarmanci shike yi musu, fofo nan fofo can, su zube kuɗi.

Nic ce ma raina, hanci dai hanci ne, nawa ma ya fi nashi girma. Abin da yak kashe ni lakwal rashin rebiziyon ne, wato bitar karatu, mushe malaminmu ya sha faɗi. Wannan karon ba ni sake.

Makullin butik na hannuna. Asabar ina gama sallar asuba nib buɗe, nij ja ƙofa don kada Hamidu shi gani shi kwaikwaya. Nis sauko da kwalabe duka nij jera. In buɗe wagga in shaƙa in faɗi sunanta, in buɗe waccan. Sandal, ambar, wardi, almiski fari, almiski baƙi. Nid ɗiga bisa hannun dama har wuri yaƙ ƙare, nik koma na hagu, nik koma bisa riga. Da hantsi yay yi ina jin kaina na sarawa, nic ce alamar karatu na shiga ke nan.

Hamidu bai zo ba sai kusan azahar. Wai ya tahi gonar kawunshi taya shi gyaran rumbu. Yash shigo yat tsaya bakin ƙofa, yat toshe hanci da hula.

“Kai Isuhu, gawa kaw wanke cikin nan?”

“Rebiziyon ake, ɗan ƙauye. Kai ka tahi shaƙar kashin awaki, yanzu za ka gani.”

Yay yi dariya yah hita yaz zauna gindin itacen bedi. Nic ce tsoro ya kama shi.

Baba Alhaji yaz zo bayan salla da ƙananan kwalabe ukku cikin aljihu, duk na sandal. Yac ce ɗaya ta gaskiya ce, ɗaya shi yas surka ta da hannunshi, ɗaya tsohuwa ce da rana tad dafa. A waje za a yi, bisa tabarma. Yat tuna muna ƙa'ida: ɗigo guda bayan hannu, ka bari shi sha iska, ka shaƙa a hankali, kafin ka koma ta gaba ka sa hanci cikin hannun rigarka ka huta. Nid dubi hannun rigata. Babu inda ban shafa turare ba.

Ni anka fara ba, don ni nim miƙa hannu da gaggawa. Nish shaƙa ta farko. Ba komi. Wallahi kamar ruwan randa. Nish shaƙa da ƙarfi har idona yay yi ruwa, nij ji wani abu can nesa, ko sandal ne ko sabulu ban sani ba. Ta biyu haka, ta ukku haka. Baba Alhaji na kallona, Hamidu na kallon sama. Baki dai bai mutuwa, sai nic ce ai duka ukkun surkakku ne, Baba wayo shike muna.

Sai Baba Alhaji yam miƙa ma Hamidu. Wanga ya ɗiga, ya jira, har da lumshe ido don shi ƙara ba ni haushi. Yac ce ta tsakiya ce ta gaskiya, ta farko ta yi tsami, ta ƙarshe ƙamshinta na tashi da wuri ba ta da gindi. Baba Alhaji yam maida kwalabe aljihu yac ce mishi shi nemo kart ɗinshi, Talata za shi hau mota. Sannan yaj juyo wurina.

“Kai kuma tahi ka yi wanka, kana sa mini ciwon kai.”

Ban tahi wanka ba. Zuciyata ta gama yanke hukunci: Hamidu ya yi mini asiri. Wace gonar kawu? Wurin malami yat tahi anka ɗaure mini hanci. Nib bi hanya a ƙasa har dispanser, ƙaramin asibitin gari, wurin wani majo da ke sayen almiski wurinmu, mutum mai son wasa. Nic ce mishi hancina ya mutu, shi duba, in kuma aikin mutum ne shi gaya mini in san inda za ni nufa.

Yat tambaye ni abin da niy yi tun safe. Ina ba shi labari shina riƙe ciki. Da yag gama dariya yac ce in shaƙa in gaya mishi mi nike ji cikin ɗakin. Nic ce jabel na wanke ƙasa da alkol na goge ciwo, har da wani warin magani mai ɗaci. Sai nit tsaya. Ashe hancin ya dawo bisa hanya ban sani ba.

Yac ce shi tun safe shike ciki, kuma ba shi jin ko ɗaya. Yab bayyana mini cewa can ƙuryar hanci daga sama akwai wani ɗan wuri da bai wuce farce ba, cike da 'yan jijiyoyi sirara. Duk abu mai wari na sakin ƙura da ido bai gani, iska ta kai ta can, jijiyoyin su kama su aika ma ƙwaƙwalwa. Amma sabon labari suke so. In wari guda ya daɗe, ko an yi musu taron wari masu ƙarfi, sai su gaji su yi shiru, ƙwaƙwalwa ma ta daina saurare, sai an ba su iska mai tsabta sun huta. Shi ya sa mai kifi bai jin ƙarnin rumfarshi. Yac ce Hamidu bai yi mini komi ba, ni nik kashe hancina da hannuna, shi ko ya kai nashi daji ya wanke.

Na fi son a ce asiri ne. Asiri ana karya shi, kuma da na samu wanda za ni zagi.

Talata nir raka Hamidu tasha, don Baba Alhaji ya ce in ɗaukar mishi jaka. Yad dawo da tabarau baƙi da labarin gada da kogi, kullum sai ya ba mu, kullum kogin na ƙara faɗi. Ya kawo mini tsarabar biredi. Na ci, amma ban ce da daɗi ba.

Bayan anka yi zaɓe farar hula sunka dawo, Hamidu ya san dillalai, yab buɗe rumfarshi can tsallaken hanya. Sayayyar Yamai tad dawo hannuna, tunda ba wani. Na iya yanzu, ba ni shafa komi ran tahiya, ba ni wuce kwalabe kaɗan ban hita waje ba. Amma abin da aikin ga yak koya mini shi ne, wanda ke zaune cikin ƙamshi bai jin shi, dole sai da hancin wani daga waje, ko da wanda ba ka son ganin baburinshi ne.

Shi ya sa kuke ganin duk sanda nik kawo sabuwar madara, nikan ɗauki kwalba guda in ƙetara wurinshi, in ce na zo nuna mishi irin kayan da bai iya samu. Shi ɗiga, shi jira, shi lumshe idon nan nashi. Ni bakinshi ba ni saurare, hancinshi nike kallo. In ya ɗan motsa gefe, ran nan ba mu ɗura ta. Kuma duk wanda yag gaya mishi cikinku, shi nemi wani butik.